Wace fitila mai sauƙin kuɗi za ta riƙe anemoni a tankin ruwan gishiri a Abuja?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Kubwa. Wata biyu ke nan da na haɗa tankin ruwan gishiri, tsawonsa santimita 90, faɗi 45, zurfi 45. Akwai kifin kilawun (clownfish) guda biyu a ciki, lafiyarsu lau. Yanzu ina so in sa musu anemoni, amma mai sayarwa ya ce sai na sayi wata fitila da kuɗinta ya fi na tankin da kifin gaba ɗaya. Shin ba zan iya sa fitilar tsakar gida irin ta kasuwa ba, ko wadda nake amfani da ita a tankin ruwan daɗi? In ba zai yiwu ba, wace ce mafi araha da za ta yi aiki?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa kiwon albarka. Mai sayarwar bai yi maka ƙarya ba da ya ce anemoni, wato dabbar teku mai yatsu da yawa da kifin kilawun ke fakewa a cikinta, na son haske mai ƙarfi, amma bai faɗa maka duka gaskiyar ba. Akwai fitilar da za ta riƙe ta ba tare da ka sayar da gona ba. Sai dai kafin mu kai ga wadda za ka saya, ina so ka gane wa ake saya wa fitilar, domin a nan ne mutane da yawa suke zubar da kuɗinsu.

Kifin nan naka biyu ba ruwansu da ƙarfin haske. In dai suna ganin abinci kuma suna bambance dare da rana, sun gamsu, don haka fitilar tankin ruwan daɗin da kake da ita ta ishe su. Hasali ma ba dole ba ne sai da anemoni suke rayuwa. A teku ne take zame musu garkuwa, saboda yatsunta na harbi, manyan kifaye ba sa kusantarta, shi kuwa kilawun yana da wani yauƙi a jikinsa da ke kare shi daga harbin. A tankinka babu mai farautarsa. Masu ƙyanƙyashe su don sayarwa kaskon fulawa na yumɓu suke ajiye musu, a jikinsa suke zuba ƙwai, kuma 'ya'yan su girma su hayayyafa ba su taɓa ganin anemoni ba. Saboda haka idan aljihu bai shirya ba yanzu, babu abin da kifinka suka rasa.

Fitilar ta anemoni ce. Ita dabba ce, tana da baki kuma tana cin nama, amma mafi yawan abincinta daga haske yake zuwa. A cikin naman jikinta akwai wasu ƙwayoyin gansakuka ƙanana da ido ba ya gani, masana na kiransu zuzanteli. Kamar manoma ne da aka ba aron gona: ta ba su masauki, su kuma su yi amfani da haske su haɗa abinci, su ba ta kasonta. Su ne ma suke ba ta wannan launin ƙasa-ƙasa da kake gani a jikin lafiyayya. Idan haske ya yi kaɗan, ko ya yi yawa farat ɗaya, ko ruwa ya yi zafi, sai ta fitar da su, ta koma fara fat. Ka riƙe wannan sosai, don za ka je wajen saye a nuna maka fara tas a ce ta fi kyau ta fi tsabta. Wannan farin na yunwa ne. Anemonin da ta rasa manomanta ce, kuma sabon shiga ba kasafai yake iya ceto ta ba.

Yanzu ga inda ido yake yaudararmu. Idon ɗan Adam ya fi jin haske mai launin kore zuwa ɗorawa, wajen nanomita 555 (nanomita ma'auni ne da ake bambanta launukan haske da shi), kuma lambar lumen, wato ta ƙarfin haske, da ake rubutawa a kwalin fitilun kasuwa da ma'aunin idonmu aka yi ta. Su kuwa zuzanteli sun fi cin moriyar shuɗi, daga wajen nanomita 420 zuwa 480, kuma dalilin a bayyane yake: ruwan teku yana haɗiye jan haske tun a mitocin farko, shuɗi ne yake nutsawa ƙasa, da shi suka saba. Don haka fitila na iya kashe maka ido amma anemoni tana zaune da yunwa a ƙarƙashinta, wata kuma ka gan ta dishi-dishi alhali tana zuba abinci. Ma'aunin da masu wannan harka ke amfani da shi shi ne PAR, wato yawan hasken da tsiro zai iya aiki da shi, tsakanin nanomita 400 da 700, a daidai wurin da dabbar take zaune. Rana tsaka a ƙasashenmu masu zafi tana kai wa wajen 2,000 a saman ruwa. Ba ma neman ko kusa da haka.

Nawa ake nema? Ya danganta da irin anemonin, kuma a nan ne tsimin kuɗinka na farko yake, tun kafin ka shiga shagon fitila. Nau'o'in da kilawun ke zama a cikinsu kusan goma ne. Kilawun ɗin da ya fi yawa a kasuwa, mai launin lemo da farin zane uku, wato Amphiprion ocellaris, a teku gidansa Heteractis magnifica ne da manyan nau'in Stichodactyla masu kama da shimfiɗaɗɗen kafet. Kada ka kuskura ka fara da su. Suna son haske mai tsananin ƙarfi da babban tanki, ba sa jure wahalar jigila, ƙwararru ma suna shan kaye a hannunsu. Wadda za ka nema ita ce Entacmaea quadricolor, 'yan kasuwa na ce mata babul tif saboda kan yatsunta kan kumbura kamar ƙananan balan-balan. Ita ce mafi haƙuri a cikinsu. Ni nakan nema mata PAR tsakanin 150 da 250 a inda ta kafa gindinta, ta kan kuma karɓi sama da haka idan an saba mata a hankali. Wannan adadin fitila mai araha na iya bayar da shi a zurfin santimita 45 irin naka. Wani alherinta kuma shi ne tana rabewa biyu da kanta idan ta ji daɗi, don haka ka tambaya ko akwai wadda ta rabe a tankin wani. Ta riga ta saba da hasken fitila, ba a ɓamɓaro ta daga teku ba, kuma ta fi jure canjin gida.

To, fitilar tsakar gida fa? Zan gaya maka gaskiya, ba zan ce sam ba ta yi ba. Farar LED a asalinta shuɗiya ce wajen nanomita 450, aka shafa mata wani sinadari mai launin ɗorawa don ta fito fara, saboda haka akwai shuɗi a cikinta. Mai lamba 6,500K, wato fara irin hasken rana, idan ƙarfinta na gaske ne, tana iya ciyar da zuzanteli. Amma matsalolinta uku ne suka sa ba na ba kowa shawararta. Lambar wat da ke jikin yawancin na kasuwa ba ta da tabbas, ka ga an rubuta 100 ka gwada da mita ka tarar ko rabi ba ta ja. Ba ta da abin rage haske, kuma za ka ga nan gaba cewa wannan shi ne abu mafi muhimmanci. Sannan tankin zai koma launin ɗorawa kamar ruwan kududdufi, koren anemoni da janta ba za su fito ba, ga gansakuka da za ta mamaye gilashi. Ita kuwa siririyar fitilar tankin ruwan daɗi, haskenta yana ƙarewa tun kafin ya kai tsakiyar zurfin tankinka. Wadda ake sayarwa don shuke-shuken cikin ɗaki, mai launin hoda, ja ne ya yi mata yawa, ka bar ta inda ka gan ta.

Kafin zuwan LED, da fitilar halayid (metal halide) muke aiki, mai wat 150 ko 250 ko 400. Haskenta babu na biyunsa, har yau akwai masu rantsuwa da ita, amma murhu ce. A Abuja in ka rataya ta, sai ka sayi na'urar sanyaya ruwa, ita ma ta zo da nata cin wutar. Sai dogayen ƙwayaye na T5: na tankinka masu wat 39 ne, kuma kana bukatar guda huɗu. Haskensu shimfiɗaɗɗe ne, ba ya ƙona dabba, sai dai kowace shekara ana canza ƙwayayen ko da suna kamawa, don ƙarfinsu na raguwa. Irin na ruwan gishiri ba ka samunsu a shagon kayan wuta, sai an turo maka daga nesa, ga su gilashi sirara, hanya kuma ka san yadda take.

Mu yi lissafi kaɗan, don araha ba a ranar saye kawai ake gane ta ba. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, zuwa naira 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan rage. Mu ɗauki 225 ɗin don sauƙin lissafi. Halayid mai wat 250, awa 8 kullum, yunit 60 ne a wata, naira 13,500. T5 guda huɗu wat 156 ne, awa 9 kullum ya kama yunit 42, kusan naira 9,500, ban da kuɗin canza ƙwayaye. LED da aka rage ta tana jan wajen wat 60, awa 9 kullum, yunit 16 da ɗoriya, bai kai naira 4,000 ba. Ko ba a rukunin A kake ba, tazarar tana nan yadda take.

Don haka LED ce amsar, kuma ga wadda nake nufi. Akwai wata da ake ƙerawa a Sin, masu harkar na ce mata baƙin akwati saboda siffarta, kamfanoni da dama sun fitar da ita, daga ciki akwai Viparspectra da Mars Aqua. A kwalinta an rubuta wat 165, saboda ƙwayaye 55 ne masu wat 3 kowanne, amma ba a tura su zuwa ƙarshen ƙarfinsu, abin da take ja daga soket bai kai haka ba ko an ƙure ta. Tana da layi biyu, shuɗi da fari, kowanne da abin rage shi. Kuɗinta a waje a da yakan tsaya kusa da dala 100, sai abin da kawowa da canjin dala suka ƙara. Manyan sunaye irin su Radion na kamfanin EcoTech da Kessil sun ninka ta sau da yawa, kuma ina kyautata zaton irinsu aka nuna maka. Suna da kyau ƙwarai, launinsu ya fi gauraya, ana sarrafa su da waya, suna kwaikwayon fitowar rana da faɗuwarta. Amma anemoni ba ta san sunan kamfani ba. A tsakani akwai AI Prime, ƙarama ce, ba ta kai wat 60 ba, tana rufe wajen santimita 60 a kowane gefe. In ka samu ta hannu mai lafiya a wajen wanda ya bar harkar, ciniki ne mai kyau.

Akwai wani abu da baƙin akwati mai abin murɗawa da hannu ya fi manyan nan da shi a ƙasarmu. Idan aka ɗauke wuta aka dawo da ita, inda ka bar shi nan zai tashi. Wasu masu agogo a ciki kuwa sai lokacinsu ya rikice, ka farka ƙarfe uku na dare ka tarar tanki ya zama rana tsaka. Ka haɗa baƙin akwatin da taima mai lambobi wadda ke da ɗan batir a cikinta. Taima mai juyawa irin ta da tana tsayawa da zarar wuta ta tafi, kwana biyu sai ka ga ta koma wani lokaci daban.

Fitila guda ɗaya ta ishe ka a tanki mai santimita 90. Gefunan za su ɗan yi duhu, ba komai, kifi ma na son inuwa. Ka tara duwatsunka a tsakiya, ka bar rami ko tsaga wajen rabin zurfin tankin, domin babul tif tana son ta cusa gindinta cikin duhun rami ta miƙo yatsunta waje cikin haske. Ka rataya fitilar santimita 30 zuwa 40 daga saman ruwa. Wannan tazarar na da dalili: kowane ƙwai a cikinta yana da ɗan gilashi mai tattara haske wuri ɗaya, in ta yi kusa da ruwa sai tsakiya ta yi ƙuna gefe kuma babu komai, ka kuma riƙa ganin ɗigon ja da kore suna rawa a kan yashi. Da ka ɗaga ta sai hasken ya gauraya.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa a duk bayanin nan. Fitila mai araha ba ta rashin ƙarfi take kashe anemoni ba, ta yawan ƙarfi take kashewa. Na koyi wannan da tsada. Anemoni ta farko da na taɓa ajiyewa ja ce mai kyau, an turo min ita daga Legas cikin watan Maris, ta kwana a leda cikin duhun kwali. Don ɗoki na murɗe layukan biyu har ƙarshe, a tunanina gata nake yi mata. Kwana na uku ta fara janye jiki cikin dutse da rana. Kafin mako ya zagayo janta ya koɗe. Sai ta saki dutsen ta fara yawo tana neman inda za ta ɓuya, ni kuma ban rufe famfon kaɗa ruwa da raga ba. Da asuba na fito zan tafi masallaci, tun daga ƙofar falo warin ya tare ni. Ruwan ya yi fari kamar an dama koko, guntayen yatsunta na yawo a ko'ina, kifin biyu suna sama suna haki. Ranar wuni na yi ina canza ruwa, kifin suka tsira da ƙyar. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, don dabbar lafiya lau ta iso hannuna.

Saboda haka ka fara da shuɗi a kashi 30 cikin ɗari, fari a kashi 10, na awa 6 ko 7 a rana. Duk mako ka ƙara kashi 5, ba fiye ba, kana kallon yadda anemonin take amsawa, kana kuma tsawaita lokacin har ka kai awa 9. A tanki mai zurfin naka da wuya ka bukaci wuce rabin ƙarfin fitilar. Farin layin kuwa don idonka ne galibi, ka bar shi ƙasa da shuɗin koyaushe. Kuma kafin anemoni ta shigo, ka lulluɓe duk wani famfo da raga ko soso, don ita ba a dasa ta kamar itace, inda ta ga dama nan take zuwa.

Mitar auna PAR ta fi baƙin akwatin kansa tsada, ban ce ka saya ba. In ka san mai ita, ka ara na wuni ɗaya. Manhajar auna haske ta waya kuma kada ka dogara da ita, da ma'aunin ido take aiki, ƙarƙashin shuɗi sai ta nuna maka lamba ƙarama ka ƙara wuta ka yi ɓarna. Dabbar kanta ita ce mitarka. Idan haske ya yi mata kaɗan za ka ga tana miƙewa sama, ko ta hau dutse mafi tsayi, ko ta bi gilashi har kusa da saman ruwa. Idan ya yi yawa sai ta shige rami, ta ƙanƙance a lokacin da fitila ke kan ƙarfinta, ta buɗe idan an kashe. Wani lokaci kuma za ka tarar ta sace gaba ɗaya kamar tsumma, tana fitar da wani abu mai launin ƙasa ta baki. Kada hankalinka ya tashi, ba-haya take yi tana canza ruwan cikinta, bayan 'yan awoyi za ta cika. Abin tsoro shi ne baki ya wangale ya ƙi rufuwa, ko gindinta ya daina kama dutse. In ta zaɓi wurin da bai yi maka ba, ka ƙyale ta. Ɓamɓaro ta da ƙarfi yana yaga gindin, kuma raunin gindi kan zama ajalinta.

Sai zafi, wanda shi ne babban abokin gabarmu a Abuja. Ruwan tanki ana son sa tsakanin digiri 25 da 27. A Maris da Afrilu garin nan yakan haura 37 da rana, ɗakin da ba esi sai ruwan ya doshi 30. Zafi tare da haske mai ƙarfi su ne suke korar zuzanteli, su ne suka farar da murjani mai yawa a babban jerin murjanin gaɓar Ostireliya a 2016, kuma anemonin teku ma haka take fari idan ruwa ya ɗumama. Ka sa ma'aunin zafi a tankin ka riƙa dubawa. Duk ranar da ya wuce 28, ka rage fitila, kada ka ƙara. Ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana sauke digiri ɗaya ko biyu, amma ruwa zai riƙa ƙafewa da sauri. Ka riƙa cikawa kullum da tataccen ruwa marar gishiri, domin gishirin ba ya tafiya da tururi, yana nan, in ka ƙara ruwan gishiri sai ya yi yawa. Ma'aunin gishirin ruwan ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026. Kada ka rufe tankin da gilashi, yana riƙe zafi kuma gishirin da ke bushewa a jikinsa yana tare haske. Raga ta fi, don kilawun kan yi tsalle. Ni a lokacin bazara nakan matsar da lokacin fitila zuwa bayan la'asar har wajen sha biyun dare, don kada zafinta ya haɗu da na rana. Ajiye tanki a bakin taga don a ci ranar banza kuwa, garin neman gira ne a rasa ido.

Mutanen Jos nasu lamarin daban ne. Garin yana kan tudu sama da mita 1,200, zafin fitila ba ya damunsu sosai, sanyin Disamba da Janairu ne ke sa su neman hita, ita ce ma ke cinye musu wuta fiye da fitila.

Maganar ɗauke wuta kuwa, mutane na juya lissafin. Anemoni lafiyayya za ta yi kwana biyu ko uku babu fitila ba abin da zai same ta, ai a teku ma ana yin hadari. Amma idan ruwa ya tsaya cak, iskar da ke cikinsa ta ƙare, cikin awoyi kaɗan ake asara, musamman da zafi. Batir mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2,400, kuma in irin na darma ne rabi kawai ya kamata a ja don ya yi ƙarko. Famfunan da ke jan wat 30 za su yi wajen kwana ɗaya da rabi a kansa. Fitilar kaɗai kuwa a wuni ɗaya za ta cinye kusan rabin abin da ke akwai. Saboda haka famfo ne farko a kan infata, fitila sai in akwai rara. A ƙarshen Oktoban 2024, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako a duhu, wani abokina a Jos da haka ya tsallake: famfo dare da rana a kan sola, fitila awa uku kacal da tsakar rana. Anemoninsa ta ɗan koɗe, cikin wata guda ta dawo. Kuɗin da ka tsira da shi daga babbar fitilar nan, nan ya kamata ya tafi, tare da na'urar kare kaya daga wutar da ke dawowa da ƙarfi.

Baƙin akwati yana da fanka a ciki, kuma ƙurar hunturu ita ce ke kashe shi. Wata ɗaya cikin hazo, ka sauke shi ka leƙa, za ka ga ƙura ta yi kauri a fikafikan fankar kamar auduga. Fanka ta tsaya, ƙwayaye su yi zafi, shuɗayen su fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Tsohon buroshin haƙori da minti biyar sun ishe ka. Ka kuma goge busasshen gishirin da feshin ruwa ke barin a gilashinta da ɗanyen tsumma, bayan ka zare ta daga wuta. Ruwan gishiri da lantarki ba sa ga maciji: ka rataya ta da sarƙa mai ƙwari, soket ya kasance a ɗage daga ƙasa, nesa da fantsama, kuma ka bar wayar ta lanƙwasa ƙasa kafin ta hau soket don ɗigon ruwa ya faɗi a hanya. Yara kuma ka hana su leƙa ƙwayayen kai tsaye, shuɗin ya fi ƙarfin yadda ido ke jinsa.

Abu na ƙarshe ba zai yi maka daɗi ba, amma dole in faɗa. Tankinka wata biyu ne, bai isa ɗaukar anemoni ba ko da fitilar zinare ka saya. Ka bari ya kai wata shida aƙalla. Sabon tanki ruwansa na hawa da sauka, ƙwayoyin da ke tace ƙazanta ba su gama zama ba, kuma da ka kunna fitila mai ƙarfi za ka ga gansakuka launin ƙasa, daga baya kore, sun taso. Mutane sukan ɗora wa fitila laifin, alhali abin da ke cikin ruwan ne take ci, musamman in da ruwan burtsatse ko na leda aka haɗa gishirin ba tataccen ruwa na injin tacewa ba. Ka sayi fitilar yanzu in ka samu dama, ka kunna ta ƙasa-ƙasa, tankin ya wuce wannan mataki babu dabba mai tsada a ciki. Idan anemonin ta zo ta zauna, ɗan guntun ɗanyen jatan lande kamar ƙwayar wake sau ɗaya a mako ya ishe ta ƙari a kan haske.

Kuma ka shirya wa cewa kifin ba lallai su shige ta nan take ba, tunda ba ita ce gidansu na asali ba. Nawa sai da suka yi mako bakwai suna wuce ta kamar ba su gan ta ba. Wata rana bayan magariba na ga babbar, wadda ita ce macen, ta matso ta goga wutsiya a yatsa ɗaya ta ja da baya da sauri, ta sake dawowa ta goga ciki. Haka ta yi ta yi har fitila ta mutu. Washegari na tarar da ita kwance tsakiyar yatsun, ƙaramin yana gefe yana jiran a ba shi wuri.

Kafin ka biya kuɗi, ka sa mai kaya ya kunna fitilar a gabanka, ka murɗa kowane layi daga ƙasa har sama, ka ƙirga ko akwai ƙwan da bai kama ba, ka kuma saurari fankar. Sannan ka juya bayanta ka karanta lambar wuta. Tamu a Najeriya bolt 230 ce, wasu kayan da aka yi don kasuwar Amurka na 120 ne kawai, da ka sa su a soket sun ƙone. Ka tabbata an rubuta 100 zuwa 240. In rubutun ya shige maka duhu, ɗauki hotonsa ka turo min in duba maka kafin ka ba da kuɗin.